Gidan hamadar da bai san bazara ba

A watan Janairu na shekarar 1970, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka da ake kira Slim Aarons ya tsaya a bakin tafkin wanka na wani gida a garin Palm Springs, cikin jihar Kaliforniya, ya ɗauki hoton da har yau bai daina yawo a duniya ba. Mata biyu ne zaune bisa kujeru suna hira, ta uku tana tafe wurinsu. A bayansu ga gida shimfiɗe, rabin jikinsa gilashi, rufinsa a baje kamar faifai. Can nesa kuma duwatsun San Jacinto sun tokare sama. Babu gumi a goshin kowa, babu ƙura a kan komai. An buga hoton nan a littattafai da mujallu, an rataye shi a otal-otal, yanzu kuma yana shiga wayoyin samari ta Facebook da Instagram. Duk inda ya je, da suna ɗaya ake gabatar da ginin da ke cikinsa: gidan hamada na zamani.

Wannan suna shi ne abin jayayya. Gidan kyakkyawa ne, wanda ya zana shi kuma gwani ne. Ba mai musun haka sai wanda hassada ta rufe wa ido. Amma kafin a naɗa masa rawanin sarautar hamada, ya kamata a dubi watan da aka ɗauki hoton. Janairu ne, tsakiyar ɗari. Shi kuwa gidan hamada da azahar ɗin bazara ake gwada shi, ranar da wuta ta ɗauke, iska ta tsaya cik, ga tsoho da jariri a cikin ɗaki. Ba domin wannan rana aka zana gidajen Palm Springs ba, kuma abin da ya tsare su daga sharrinta ba ya cikin bangonsu. Injin sanyi ne ya tsare su, da ruwan da aka jawo daga nesa, da ƙasar da aka kori waɗansu daga kanta. Wanda ya yabi hoton bai lissafa waɗannan ba, ya yabi doki ne bai tambayi mai yankar masa ciyawa ba.

Da farko a san wurin. Palm Springs na cikin kwarin Coachella, kimanin kilomita 170 gabas da Los Anjalas. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika kaiwa milimita 150 ba, wato kusan rabon Agadas. A Janairu zafin rana kan tsaya wajen digiri 21. A Yuli kuwa yakan kai 42 ko ya zarce, kuma ranar 5 ga Yulin 2024 ma'auni ya nuna 51, abin da ba a taɓa rubutawa ba a tarihin garin. Tun shekarun 1920 da 1930 attajirai da taurarin fim na Holiwud suka mai da garin wurin shan iska. Sukan zo idan sanyi ya kama biranensu, su tattara su tafi kafin zafi ya sauka, har manyan otal-otal ma a wancan zamani rufe ƙofa suke yi daga ƙarshen kaka ta baƙi sai wata shekara. Waɗanda ke saura a garin cikin watannin wuta su ne masu dafa abinci da masu ban ruwan fure da masu wanki da leburorin gini. Su ne suka san bazarar Palm Springs, kuma ba su ne aka zana wa gidajen gilashi ba.

Gidan da ke cikin hoton an gina shi ne domin Edgar Kaufmann, mai wani katafaren kanti a birnin Pittsburgh, mutumin da tun 1935 ya sa Frank Lloyd Wright ya zana masa sanannen gidan nan da aka ɗora bisa magangarar ruwa a jihar Pensilbaniya. Da ya so masaukin ɗari a hamada sai ya nemi Richard Neutra, haifaffen birnin Biyana a 1892, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1923. A 1946 aka yi aikin. Gidan ya miƙa fikafikai huɗu daga falonsa na tsakiya, yana da ɗakunan kwana biyar, kuma bangayen gilashinsa ana zuge su ne gefe guda har ɗaki da fili su zama abu ɗaya. A sama akwai wata rumfa buɗaɗɗiya da aka kare da siraran allunan alminiyom masu juyawa, domin tare iskar da ke kwararowa daga mashigar duwatsu. Ƙarfen daga masana'anta ya zo, gilashin ma haka, dutsen kuma daga jihar Utah aka ɗauko shi. Neutra bai ɓoye wannan ba. Ra'ayinsa shi ne gidan ya bayyana a matsayin ƙirar hannun mutum da aka kawo aka ajiye a kan hamada, kada ya yi kamar daga cikinta ya tsiro. Kaufmann ya rasu a 1955. Waɗanda suka mallaki gidan bayansa sun ƙara ɗakuna, suka ɗora injinan sanyi bisa rufin. A shekarun 1990 aka yi gagarumin aikin maido shi kamanninsa na asali, har sai da aka sake buɗe mahaƙar dutsen ta Utah. A 2022 an sayar da shi kan kuɗi kimanin dala miliyan 13.

Shi kansa Wright, wanda ya fi kowa da'awar gini ya dace da ƙasarsa, ya kafa Taliesin West a 1937 kusa da Phoenix a jihar Arizona, da duwatsun da aka tsinta a wurin, da rufin zane mai tace haske. Gini ne mai mutunta hamada ƙwarai. Amma sansanin ɗari ne: duk shekara, da zafi ya matso, shi da almajiransa sukan loda motoci su koma Wisconsin, arewa mai sanyi. Babban malamin ma bai tsaya ya ga abin da bazara za ta ce da aikinsa ba.

Bayan Neutra sai salon ya cika garin. Albert Frey, ɗan Zurik da ya yi aiki a ofishin Le Corbusier a Paris, ya zauna a Palm Springs har ya rasu a 1998. Gidansa na biyu, wanda ya kammala a 1964 a gefen dutse, bai wuce murabba'in mita 75 ba, kuma wani ƙaton falalen dutse ya shigo har cikinsa ya raba wurin kwana da wurin zama. A 1947 mawaƙi Frank Sinatra ya je wurin E. Stewart Williams yana son gida irin na tsofaffin Turawan Ingila, Williams ya lallashe shi ya karɓi na zamani, mai tafki da siffar fiyano. William Krisel ya zana wa kamfanin gini na George Alexander da ɗansa Robert gidaje masu rufi kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, kuma kafin hatsarin jirgin sama ya kashe uban da ɗan a 1965 kamfanin ya gina sama da 2,000 a kwarin. Donald Wexler ya tsara gidajen ƙarfe da ake ƙerawa a masana'anta a zo a harhaɗa cikin ƴan kwanaki. 38 aka yi niyya, bakwai aka gina a 1961 da 1962 kafin tsadar ƙarfe ta tsai da aikin. John Lautner ya ɗora wa gidan Elrod, a 1968, tulluwar kankare mai faɗin kusan mita 18, wadda duniya ta gani cikin wani fim na James Bond a 1971. Tun 2006 garin ke shirya bikin mako na wannan salo kowace shekara, kuma a Fabrairu ake yin babban taron, lokacin da iska ke da daɗi.

Adalci ya wajaba a nan, domin mai jayayya da ya hana abokin gabarsa haƙƙinsa ya rage wa maganarsa nauyi. Waɗannan mutane sun yi nazarin rana. Sun miƙa bakin rufi ya yi nisa domin ya inuwantar da bango. Sun yi shinge da bulo mai huda-huda wanda ke tare ido ya bar iska ta wuce. Frey ya daɗe yana bin tafiyar rana a kan filinsa kafin ya sa harsashi, ya kuma zaɓi ƙaramin gida alhali yana da halin babba. Krisel ya nuna cewa gida mai fasali ba sai na miloniya ba. Rumfar saman gidan Kaufmann kuwa, duk wanda ya taɓa kwana bisa soro cikin watan Afrilu zai gane hikimarta ba tare da an yi masa bayani ba. Waɗannan darussa ne na gaske, kuma ba a zubar da su.

Sai dai inuwar bakin rufi ba ta sauya halin gilashi. Hasken rana na ratsa shi ya faɗa kan daɓe da kujeru, su ɗauki zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Abin da ke faruwa ke nan ga motar da aka rufe aka bari a rana. Ko rana ba ta taɓa shi kai tsaye ba, gilashi mai falle ɗaya, irin wanda aka yi amfani da shi a wancan zamani, ba ya hana zafin waje shigowa sai kaɗan. Ƙarfe kuwa mai saurin ɗaukar zafi ne, mai saurin miƙa shi. Bangon ƙasa mai kauri aikinsa dabam: yana shanye zafin yini a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da dare ya yi, iska ta huce, mutanen gida sun fito tsakar gida. Da asuba kuma ya riƙe sanyin dare ya raka masu ɗaki da shi har hantsi ya wuce. Nauyi da kauri su ne makamin mai gini a ƙasar da rana da dare suka yi nisa da juna a ma'aunin zafi. Salon Palm Springs ya zaɓi rashin nauyi da sirantaka, domin su ne ke da kyau a ido, sa'an nan ya miƙa aikin bango ga inji.

Injin nan yana da tarihi. Willis Carrier ya ƙirƙiro na'urar sanyaya iska a 1902 domin wata maɗaba'a a New York, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi arha har ta shiga gidajen jama'a. Ita ce ta sa aka soma zama Palm Springs shekara cur, ita ce kuma ke cikin manyan dalilan da suka sa mutanen Phoenix suka tashi daga kimanin 107,000 a 1950 zuwa kimanin 439,000 a 1960. Daga nan mai zanen gini ya sami ƴancin da magabatansa ba su taɓa samu ba: ya zana abin da ya ga dama, mai haɗa waya ya gyara sauran. To amma abin da inji ya bayar, inji na iya karɓewa. A 2023 hukumomin lafiya na gundumar Maricopa, inda Phoenix take, sun ƙidaya mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu a cikin ɗaki an tarar injin sanyinsu ya lalace ko a kashe yake. Ba a gidajen Neutra suka mutu ba. Masu irin waɗannan gidaje suna da kuɗin gyara. Sun mutu ne cikin garin da ya koyi darasin cewa bango ba shi da sauran aiki.

Sai ruwa. Tafkin da ke gaban hoton shi ne rabin kyansa, kuma kusan kowane gida na salon yana da nasa, ban da korayen filayen wasan golf kimanin 120 da ke cikin kwarin. Daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo ruwan, kuma an zuƙa fiye da abin da sama ke mayarwa, har ya zama tun 1973 ana kawo ruwan kogin Kolorado ana zubawa cikin manyan ramuka domin ya nutse ya cike giɓin. Shi kuma kogin ya gaji: a 2021 gwamnatin tarayyar Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a kansa, karo na farko a tarihi. Mutumin Tawa ko Tanut da ya san gaba nawa ake jan guga kafin a ji ya taɓa ruwa ba ya bukatar a fassara masa ma'anar buɗaɗɗen tafki a ƙasar da rana ke shanye shi dare da rana ana ƙarawa.

Sai ƙasa, kuma nan ne hoton ya fi yin shiru. Kwarin na mutanen Cahuilla ne tun kafin zuwan Bature. Sun san hamadar sani na haƙiƙa: bukkokin ganyen dabino da rassa, rumfunan shan inuwa, rijiyoyin da ake sauka cikinsu da ƙafa, da ƙaura zuwa kwazazzabai masu ruwa idan zafi ya tsananta. A 1876 da 1877 gwamnatin Amurka ta yanka yankin gida-gida kamar allon dara, gida ɗaya na kamfanin jirgin ƙasa, na kusa da shi na ƙabilar Agua Caliente ta Cahuilla. Ɗaya daga cikin gidajen ƙabilar, wanda ake kira Sashe na 14, mai faɗin kusan hekta 260, ya faɗo daidai tsakiyar gari. A nan baƙaƙen fata da ƴan asalin Meksiko da sauran ma'aikata suka yi haya suka kafa gidajensu, saboda wariyar launin fata ta rufe musu sauran unguwanni. A 1959 aka yi dokar da ta ba da damar a ba da hayar ƙasar ƙabilar har shekara 99. Nan take filin ya zama zinariya, mazaunansa suka zama cikas. Aka shiga korarsu. A 1965 da 1966 hukumar gari ta rushe ta ƙone gidaje sama da 200, waɗansu ma masu su suna wurin aiki, suka dawo suka tarar da toka. A 1968 wani rahoto daga ofishin babban lauyan jihar Kaliforniya ya ɗora alhakin ɓarnar a wuyan hukumar garin.

Ba wanda ya ce Neutra ko Frey ya ƙyasta ashana. Amma a jera shekarun a gani. Gidan Frey na gefen dutse 1964. Gobarar Sashe na 14, 1965 da 1966. Tulluwar Elrod 1968, shekarar rahoton. Hoton matan bakin tafki 1970. Ginin hukumar garin ma, inda aka riƙa yanke shawara, Frey na cikin waɗanda suka zana shi, kuma yau yana cikin wuraren da ake kai baƙi su yi kallo. Sai a 2021 garin ya nemi gafara, a 2022 ya kawar da gunkin Frank Bogert, magajin garin na 1958 zuwa 1966, daga ƙofar ginin, a Nuwamban 2024 kuma ya amince ya biya waɗanda suka tsira da zuriyarsu dala miliyan 5.9. Kuɗin bai kai rabin farashin gidan Kaufmann shi kaɗai ba.

Abin takaicin shi ne wata hanya tana nan a buɗe, a wannan zamani ɗaya. Ginin da ya fi kowane tsufa a Palm Springs, gidan McCallum na 1884, da tubalin ƙasa aka yi shi, abin da Amurkawa ke kira adobe, kalmar da suka karɓa daga Sifaniyanci, shi kuma daga Larabci aɗ-ɗub. Kunnen Bahaushe ba zai rasa jin amon tubali a cikinta ba. A shekarun da Neutra ke kafa ƙarafansa, daga 1945 zuwa 1948, Hassan Fathy na Masar yana gina Sabuwar Gurna kusa da Luksor, da tubalin laka da rufin baka irin na maginan Nuba, wanda ba ya bukatar azara ko katako, da tsakar gida da mashigar iska. Aikin bai kammala ba, mutanen da aka gina dominsu da yawa sun ƙi barin tsohon garinsu, kuma wannan aibi ne da ba a ɓoyewa: shi ma daga sama aka yanke musu shawara. Duk da haka tambayar da Fathy ya ɗora wa kansa ita ce tambayar hamada, wato yaya talaka zai kwana lafiya cikin zafi da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Neutra ya amsa wata tambaya ce dabam: yaya attajiri zai kalli hamada ba tare da ta taɓa shi ba. Duniya ta ba amsar Neutra sunan zamani, ta ba ta Fathy sunan gargajiya, kuma wannan rabon suna ya yi ɓarnar da ta fi ta kowane gini.

Masu kare salon suna da hujjoji, kuma biyu daga ciki sun cancanci amsa. Ta farko, sun ce yau akwai gilashi mai falle biyu da faifan hasken rana, saboda haka matsalar ta zama tarihi. Gaskiya ne an ci gaba. Amma wanda ya buɗe wa zafi ƙofa sa'an nan ya sayi na'urar korarsa ya biya kuɗi sau biyu, kuma ranar da batir ya mutu ko injin ya tsaya, ɗakin zai koma halinsa na asali cikin sa'a guda. Ta biyu, sun ce ƙasa kayan talaka ce, ruwa na cinye ta. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya; ko a Satumban 2024 ruwan sama ya kai tsohon masallacin Birni na Damagaram ƙasa, bayan ya haura shekara 150 a tsaye. Ginin ƙasa na son harsashi mai ƙarfi da indararo mai kyau da yaɓe a kan lokaci, kuma ba a yin sa a hanyar ruwa. Amma gidan Kaufmann shi ma bai kai shekara 50 ba sai da aka kashe dukiya mai yawa wajen ceto shi. Kowane gini na son kulawa. Bambancin shi ne kuɗin kula da na ƙasa a hannun maginin unguwa yake faɗawa, na gilashi kuwa ƙetare teku yake yi.

Abin da ya kawo wannan magana cikin shafukan da ake karantawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai shi ne hoto ba ya bukatar biza. Jikokin gidajen Palm Springs suna nan a sababbin unguwanni: faffaɗar tagar gilashi tana kallon yamma, siririn bangon bulo, rufin kwano ko kankare babu abin tare zafi, da jerin akwatunan kilim maƙale a bango. An aro siffar, an bar bakin rufin da bulo mai huda da nazarin rana, wato an ɗauki aibin an bar hikimar. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A Agustan 2023, da aka katse layin lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, wanda a lokacin shi ke ɗauke da kaso mafi girma na wutar ƙasar, ba a kuma maido shi ba sai Maris na 2024, kowa ya ga irin ɗakin da ke zaunuwa da irin wanda ba ya zaunuwa. A Afrilun 2024 ma'auni ya kai 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Kufaman na Sahel ba shi da Pittsburgh da zai gudu ya koma. A nan zai yi bazararsa, shi da iyalinsa.

Alhali kuwa ƙasar ba ta rasa gwanaye ba. A 1962 Falke Barmu, magini kuma manomi, ya soma ginin masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa da ƙasa da taimakon mutanen gari, ya ci gaba da faɗaɗa shi har 1982, kuma a 1986 aikin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Tun farkon shekarun 1980 aka soma koya wa magina a Nijar gini marar katako, mai baka da tulluwa, wanda ke sauƙaƙa wa giginya sara. A 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya. A 2016 Mariam Issoufou da abokan aikinta suka kammala gidaje shida na Niamey 2000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, a 2018 kuma ita da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa. Waɗannan ayyuka na zamani ne ta kowace fuska, kuma an yi su ne domin mutanen da ba sa zuwa ko'ina idan Afrilu ya kama.

Saboda haka ba a ce a daina koyar da Neutra da Frey ba. A koyar da su, a nuna wa ɗalibai yadda suka auna inuwa, a kuma gaya musu watan da aka ɗauki hoton, da inda ruwan tafkin ya fito, da abin da ya sami Sashe na 14. A kira gidajen da sunansu na gaskiya: masaukan ɗari na attajiran Amurka, masu kyau ƙwarai, waɗanda aka ajiye a hamada. Sunan gidan hamada kuwa a bar wa ginin da ya ci jarrabawa.

Jarrabawar ba ta da tsada, kuma kowane malamin makaranta na iya shirya ta. Ma'aunin zafi guda ya isa, da littafin rubutu. A zaɓi mako ɗaya cikin Afrilu. Kullum da ƙarfe biyu na rana yara su auna ajinsu mai rufin kwano, su auna wani ofishi mai gilashi da injinsa a kashe, su auna zauren wani tsohon gida na ƙasa a cikin birni, su rubuta. Ranar Juma'a a jera lambobin a kan allo, a gayyato Sarkin Magina ko wani dattijon magini ya zauna gaban aji, yaran su tambaye shi kaurin bangon da dalilin da ya sa tagar take ƙarama, take kuma can sama.